Al'ummomin Masunta na Gaɓar Tafkin Kainji a Masarautar Yawuri

Ƙananan hukumomin Shanga, Yawuri da Ngaski suna cikin Masarautar Yawuri, a kudancin Jihar Kebbi, inda Kogin Kwara yake shiga Tafkin Kainji. Kamun kifi na daga cikin manyan sana'o'in mutanen wannan yanki tun kaka da kakanni.

Al'ummomi

Sarkawa su ne suka fi shahara da su, kuma suna danganta asalinsu da ƙasar Kabi. Gungawa, waɗanda suke kiran kansu Reshe, sun samo sunansu daga gungu, wato tsibiri, domin a tsibiran kogin suka zauna suna haɗa su da noman albasa. Akwai kuma Shangawa da Lopawa. Harshen Shanga ɗan dangin harsunan Mande ne, amma a yau da yawa daga cikin Shangawa Hausa suke yi.

Zuwan Madatsar Ruwa

An fara gina Madatsar Ruwa ta Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Tafkin ya mamaye tsibirai da fadamu, har aka sake wa mutane fiye da 40,000 matsuguni. Masuntan da suka saba da kogi mai gudu suka koma kamun kifi a faffaɗan ruwa. A farkon shekarun 1970 kifi ya yi albarka ƙwarai, daga baya ya ragu.

Kayan Aiki da Shugabanci

Masunta suna amfani da kwalekwale, da birgi, da mamari, da gura. Kifayen da ake kamawa sun haɗa da karfasa, tarwaɗa, ƙurungu da giwan ruwa. Mata ne suka fi yin bandar kifi domin kaiwa kasuwa. Sarkin Ruwa shi ne shugaban masunta, shi yake sasanta rikicin wurin su. Bikin Rigata na Yawuri, mai tseren kwalekwale da ninƙaya, yana nuna wannan gado.

Kiyaye Arzikin Ruwa

Taru mai ƙananan idanu yana kwashe 'ya'yan kifi tun ba su isa yin ƙwai ba, wanda hakan ke jawo ƙarancin kifi a shekaru masu zuwa. Saboda haka aikin haɗin gwiwa na Nijeriya da Jamus a shekarun 1990 ya ƙarfafa yin lasisin su da hana irin wannan taru. Ana kira ga hakimai, dagatai da sarakunan ruwa da su ci gaba da sa ido. Masu neman shawara suna iya tuntuɓar Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke Sabuwar Busa, Jihar Neja.