Inda Maleriya Take Cin Rani

A ƙauyukan Sahel sauro yakan yi ƙaranci na tsawon watanni idan kududdufai suka ƙafe. Amma da damina ta kankama, sai zazzaɓi ya dawo da ƙarfinsa. To, ina ƙwayar cutar take fakewa duk tsawon rani? Akasari a jinin mutanen da ke yawo garau.

Wanda ya tashi inda sauro ke cizonsa kullum, jikinsa yakan saba da ƙwayar Plasmodium falciparum sannu a hankali. Garkuwar da yake samu ba ta kawar da ita gaba ɗaya, sai dai ta danne ta. Manomi zai wuni a gona babu ko ciwon kai, alhali ƙwayar tana jininsa wata da watanni. Wani ɓangarenta yakan rikiɗe ya zama irin da macen sauro Anofilis ke zuƙa. Bayan kwana 10 zuwa 14 a cikinta, sai macen sauron ta kai ta ga jaririn maƙwabta, wanda bai samu garkuwa ba tukuna.

Aikin binciken Garki, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar daga 1969 zuwa 1976 a yankin da yanzu yake cikin Jigawa, ya nuna taurin kan wannan yaɗuwa. An yi feshi a gidaje, an raba wa ƙauyuka magani, cutar ta ragu ƙwarai. Da aka dakata, sai ta koma gidan jiya.

Abu biyu ke ɓoye rumbun cutar da ke jinin masu yawo garau. Mai jin garau ba ya zuwa asibiti. Ko an gwada shi, gwajin gaggawa na ɗigon jini yakan kasa gano ƙwayar idan ta yi ƙaranci. Ban da wannan ɓuya, ga kuma noman rani a fadamu, inda ruwan da ya kwanta ke tsawaita zamanin sauro.

Maganin rigakafin damina da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012 ya fara ne da yara 'yan wata 3 zuwa 59, kuma ya ceci rayuka. Sai dai yara 'yan makaranta da manya, waɗanda ke riƙe da ƙwayar shiru, yawanci suna wajen tsarin. Saboda haka magidanci da ya bar gidan sauro don yana jin ƙalau, ba kansa kaɗai ya bari a buɗe ba, har da ƙaramin ɗansa.