Dalilan da ke katse imel a kwamfuta, da yadda ake tabbatar da saƙo ya isa

Daga Gumel zuwa Maigatari, daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar, matasa masu bibiyar ayyukan mazaɓa da kuɗin ƙananan hukumomi sun koma tura takardunsu ta imel, domin babu wanda zai riƙa hawa mota zuwa Dutse ko Abuja a kan kowace wasiƙa. Sai dai manhajojin imel na kwamfuta, irin su Outlook da Thunderbird, kan fito da gargaɗi cewa sadarwa da sabar ta yanke. Wanda bai lura ba sai ya rufe kwamfuta yana zaton aiki ya kammala, alhali wasiƙarsa tana nan ba ta motsa ba.

Wannan ba ƙaramin lamari ba ne. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙata, kuma lissafin yana farawa ne daga ranar da ta karɓa. A watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa dokar ta shafi jihohi ma. Wasiƙar da ta maƙale a kwamfuta ba ta fara ƙirga ko da kwana ɗaya ba.

Yadda manhajar ke aiki

Manhajar imel tana magana da sabar ta hanyoyi biyu daban. Ta IMAP ko POP3 take ɗauko saƙonni, ta SMTP kuma take turawa. Kowace hanya tana da lambar ƙofarta: 993 ga IMAP, 995 ga POP3, sai 465 ko 587 ga SMTP. Shi ya sa mutum kan ga saƙonni suna shigowa lafiya, amma nasa sun ƙi fita. Outlook kan nuna lamba tare da gargaɗinsa: 0x800CCC0F na nufin an fara magana sai ta yanke, 0x800CCC0E na nufin ba a samu sabar ba kwata-kwata, 0x800CCC92 kuma na nufin sabar ta ƙi kalmar sirri.

A fara da layin intanet

Kafin a taɓa saitin komai, a buɗe akwatin imel ɗin a burauza. Idan shi ma ya ƙi buɗewa, matsalar ta layi ce, kuma sake sauke manhaja ɓata data ne kawai.

Galibin masu kwamfuta a wannan yanki suna ɗaukar intanet ne daga wayar hannu ko ƙaramin modem. Duk lokacin da waya ta sauka daga 4G zuwa 3G, ko ta sauya eriya, zaren da ke tsakanin manhaja da sabar na iya tsinkewa. Burauza tana sake gwadawa a ɓoye, ita kuwa manhajar imel sai ta yi ƙorafi. A Maigatari da ƙauyukan bakin iyaka akwai ƙarin matsala: waya na iya kama layin Jamhuriyar Nijar da kanta, data ta tsaya nan take idan ba a buɗe mata yawo ba. Maganinsa shi ne a shiga saitin waya a zaɓi kamfanin layi da hannu. Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, cunkoson jama'a kan danne eriya, don haka tura babban fayil da asuba ko da dare ya fi sauƙi.

Wani lokaci dalilin yana nesa ƙwarai. Ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace a yankin gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a Najeriya da maƙwabtanta tsawon kwanaki. A watan Satumbar 2021 kuma hukumar NCC ce ta umarci kamfanoni su rufe layukan sadarwa a Zamfara saboda dalilan tsaro, daga baya aka yi haka a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato. A irin wannan hali babu saitin da zai yi amfani, sai a buga takarda a kai da hannu.

Agogo da saiti

Idan burauza tana aiki amma manhaja ta ƙi, a dubi agogon kwamfuta. Tsofaffin kwamfutoci na hannu da na kan tebur suna da ɗan ƙaramin batir mai riƙe kwanan wata. Idan ya mutu, ɗaukewar wuta na iya mayar da agogo shekaru baya. Manhaja takan auna takardar shaidar tsaro ta sabar da wannan agogo, idan kwanakin ba su dace ba sai ta ƙi haɗawa. Gyara lokaci kaɗai ya isa, canza batirin kuma ya hana maimaituwa.

Daga nan a tabbatar da sunan sabar da lambar ƙofa, da cewa an kunna tsaro na SSL ko TLS. Tsohuwar ƙofa ta 25 kamfanoni da yawa sun toshe ta don hana saƙonnin banza. Idan layi yana da rauni, a ƙara lokacin jiran sabar a Outlook zuwa minti 3 ko 5. Wasu manhajojin kariya daga ƙwayar cuta suna tare imel don bincike su katse shi. A dakatar da wannan sashe na ɗan lokaci a gwada.

Kalmar sirri da iyakokin sabar

Tun 30 ga Mayu, 2022, Google ya daina karɓar kalmar sirri zalla daga manhajojin waje a asusun Gmail na talakawa, Microsoft ma ya yi haka ga Outlook.com da Hotmail a ranar 16 ga Satumba, 2024. Tsohuwar manhaja za ta riƙa neman kalmar sirri ba iyaka ko da daidai aka rubuta. Mafita ita ce sabunta manhajar da zaɓar tsarin shiga na OAuth2, ko, a Gmail, a kunna tantancewa mai mataki biyu a ƙirƙiri kalmar sirri ta musamman mai haruffa 16.

Gmail yana yarda da haɗi 15 ne kawai na IMAP a lokaci guda. Thunderbird ɗaya kan riƙe 5. Ƙungiyar matasa da ke raba akwati ɗaya tsakanin shugaba da sakatare da ma'aji za ta cika wannan adadi da wuri, sabar ta fara korar wasu. A rage adadin zuwa 1 ko 2 a saitin sabar. Haka nan iyakar abin da ake maƙalawa a Gmail megabayit 25 ce, kuma fayil yana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku yayin turawa. Hotunan ginin da aka yi watsi da shi ko takardun kwangila masu nauyi kan toshe akwatin fita, su hana duk abin da ke bayansu wucewa. A rage girmansu, ko a raba su saƙo-saƙo.

Yadda ake riƙe hujja

Saƙon da ke cikin akwatin fita bai tafi ba. Bayan an tura, a buɗe asusun a burauza ko a waya a ga ko yana cikin jerin waɗanda aka aika, sannan a jira ko sabar ɗaya ɓangaren za ta dawo da shi. Yana da kyau a saka adireshi na biyu a matsayin kwafi, a kuma adana saƙon na asali, domin bayanan da ke kansa suna ɗauke da ainihin lokaci da hanyar da ya bi. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya amince da hujjar da ta fito daga kwamfuta idan an cika sharuɗɗansa.

Duk da haka, fitar saƙo daga wannan ɓangare ba ta tabbatar da cewa wani ya buɗe shi a ofis ba. Ga buƙata mai muhimmanci, a bi imel da takarda, a nemi a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafi. Idan kwana 7 suka wuce shiru, doka ta ɗauka an ƙi amsawa, kuma mai buƙata yana da kwana 30 ya garzaya kotu. Ranar karɓa ce za a fara tambayarsa a can.