Suwic: akwatin da ke haɗa kwamfutoci, da manhajar da ke cikinsa

Jama'a, in kun taɓa shiga sibar kafe ko ofishin magajin gari, kuna iya ganin wani ɗan akwati mai ramuka jere, fitilunsa na ƙyaftawa. Sunansa suwic. Shi ke haɗa kwamfutoci da firinta da kyamarori na wuri ɗaya. Kawo intanet aikin modem ne; shi rarrabawa kawai yake yi.

Akwai mai rami 5, mai 8, mai 24, har mai 48. Wayar da ake soka masa kada tsawonta ya wuce mita 100. In tazarar ta fi haka, sai a koma ga fibar. Kowace na'ura tana da lambarta, adireshin MAC, shi kuwa suwic yana haddace wace lamba ke wane rami, don saƙo ya tafi wurin mai shi. Wanda aka rubuta wa PoE har wuta yake bai wa kyamara ta cikin wayar nan guda.

Iri biyu ne. Akwai na soka-ka-tafi, babu abin saitawa. Akwai wanda ake shiga cikinsa da sunan mai amfani da kalmar sirri, a raba rezo, misali na baƙi daban, na ma'aikata daban.

To, wannan na biyun shi ke son kulawa. Yana da manhajar ciki, wadda kamfani kamar Cisco ko TP-Link ko MikroTik ke sabuntawa don toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi. A ɗauko ta daga shafin kamfanin kaɗai, a duba lambar samfurin ta dace daidai, a fara adana kwafin saitin. Abin tsoron shi ne wuta ta ɗauke ana tsakiyar aikin: suwic na iya ƙin tashi gaba ɗaya. Kun dai san halin wutarmu lokacin zafi, don haka a jona shi da batir tukuna. Wasu manya suna ajiye manhaja biyu, in sabuwar ta ƙi a koma ga tsohuwa.

Ƴan'uwa da ke waje masu aiko na hannu, ku duba ko yana ɗaukar wutar 220, musamman in daga Amurka ne. Ya iso, a mayar da shi yadda ya fito daga kamfani, a sa sabuwar kalmar sirri, sannan a aje shi inda iska ke shiga, nesa da ƙura.