Yaro Mai Hazaƙa a Ƙasar Gobir

Tun kafin talabijin ta shigo gidaje da wasannin yaron da basirarsa ke rikita iyayensa, mutanen Gobir, daga Alƙalawa har yankin Isa da Sabon Birni, suna da tsarinsu: idan malamin allo ya ga almajiri yana haddace abin da tsaransa ke fama da shi, ba a yabonsa a gabansa, tsoron kambun baka, sai dai bayan sauka a miƙa shi ga malamin ilimi ya fara Ahalari da Ishmawi. Shehu Usmanu kansa, haifaffen Maratta a 1754, mahaifinsa ya karantar da shi Alƙur'ani, Malam Usmanu Binduri ya karɓe shi, daga bisani ya bi Malam Jibrilu har Agadas.