Kundin Malam da Sirrin Mai Shi

Tun kafin a cire Jigawa daga Kano a 1991, malaman Maruta da na kewayen Gwaram da Birnin Kudu suna da kundinsu. Takardu ne warwara, ba ɗinki, cike da addu'o'i da laƙani da lissafin bashi cikin Larabci da ajami, a tsakanin kwali biyu, a cusa cikin gafakar fata. A ƙarni na 19, takardar ma daga Italiya fatake ke kawo ta ta hanyar Tarabulus. Ƙa'idar kundi ɗaya ce: abin da mutum ya rubuta, a hannunsa yake kwana.

Za a ce gara da gobara sun cinye kundaye da yawa, wasu kuma sun bi masu su kabari. Haka ne, amma maganin da magabata suka yi shi ne kwafi: amintaccen almajiri ya juya, a ajiye a wani gida. A yau, manhajojin ajiye rubutu irin su Joplin, da ta fito a 2017, wannan hanyar suka bi: rubutu a kwamfutar mai shi, kwafi a kulle a inda ya zaɓa. Saboda haka tsoron asara bai isa hujjar miƙa wa kamfanin manhaja sirri ba.