Kalmomin Turanci masu kama da juna da ke rikita masu bin siyasar Kano

Dokokin majalisa da hukunce-hukuncen manyan kotunan Najeriya da Turanci ake rubuta su, sannan a fassara su a rediyo da majalisun hira na cikin birni. A wajen fassarar ne harafi guda kan sauya ma'anar labari. Ga kalmomin aikatau da aka fi gwamutsawa.

Repeal da appeal

Repeal na nufin soke doka, kuma aikin majalisa ne. A ranar 23 ga Mayun 2024 Majalisar Dokokin Kano ta soke dokar masarautu ta 2019, wadda ta kafa masarautun Bichi da Gaya da Ƙaraye da Rano. Sokewar ce ta share fagen komawar Muhammadu Sanusi II Gidan Rumfa. Appeal kuwa ɗaukaka ƙara ce, wato wanda hukunci bai gamsar ba ya garzaya kotu ta gaba. Ta haka Abba Kabir Yusuf ya kai Kotun Ƙoli, wadda ta tabbatar masa da kujerar gwamna ranar 12 ga Janairun 2024.

Prosecute da persecute

Ta farko ita ce gurfanar da mutum gaban kotu bisa tuhuma, inda yake da 'yancin ɗaukar lauya ya kare kansa. Ta biyu ita ce tsangwama ko muzgunawa saboda ra'ayi, addini ko ƙabila. 'Yan siyasa sun san tazarar da ke tsakaninsu: gwamnati kan ce gurfanarwa take yi, wanda ake tuhuma kuma ya ce bi-ta-da-ƙulli ake masa. Mai fassarar da ya musanya su ya ɗauki ɓangare ke nan, ko da bai yi niyya ba.

Proscribe da prescribe

Proscribe shi ne haramta ƙungiya a hukumance, kamar yadda Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ba da umarni kan Harkar Musulunci ta Sheikh Ibrahim Zakzaky a Yulin 2019. Prescribe kuwa tanadi ne, kamar doka ta tanadi hukunci, ko likita ya rubuta magani. Ɗaya hani ce, ɗaya umarni.

Hanya mafi sauƙi ta rarrabe su ita ce a duba wanda ya aikata. Majalisa ce ke soke doka, mai ƙorafi ne ke ɗaukaka ƙara, mai gabatar da ƙara ne ke gurfanarwa. Kafin a tura labari a WhatsApp, a nemo asalin takardar a karanta kalmar da ke ciki.