Kururuwar 'Yan Tawaye a Yaƙin Basasar Amurka

Yaƙin basasar Amurka, wanda aka gwabza daga 1861 zuwa 1865, ya ci rayukan sojoji fiye da 600,000. Jihohi 11 na Kudu ne suka ɓalle bayan zaɓen Abraham Linkon a 1860, domin gudun kada sabuwar gwamnati ta hana bauta yaɗuwa. A lokacin akwai bayi kusan miliyan 4 a ƙasar.

Cikin abubuwan da mayaƙan ɓangarorin biyu suka daɗe suna tunawa akwai kururuwar sojojin Kudu. Sojojin Arewa kan ɗaga murya tare, da amo mai kauri kuma a tsare. Na Kudu kuwa kowa yakan ƙwala tasa, siririya mai kaifi, har ta gauraye filin daga. An fi danganta shahararta da karon Manasas, a jihar Bajiniya, ranar 21 ga Yuli, 1861. Masana sun saɓa game da asalinta: wasu sun ce ihun mafarauta ne, wasu suka ce daga 'yan asalin ƙasar aka aro ta.

Amfaninta biyu ne. Tana razana abokan gaba, tana kuma kore tsoro daga zuciyar mai yin ta, wanda aka umarta ya ratsa fili tsirara alhali bindigogi na jiransa.

Abin lura shi ne, wannan kururuwa ba ta da kalma ko ɗaya. Kirari yakan ambaci jarumi da asalinsa da abin da yake taƙama da shi. Ita kuwa ba ta faɗi abin da ake mutuwa dominsa ba. Saboda haka, bayan yaƙi, ta zama kayan aikin masu son a tuna jarunta a manta bauta. A shekarun 1930 har an naɗi muryoyin tsofaffin sojoji suna maimaita ta, jama'a na tafi.

To, kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Mai neman fassarar wannan kuka sai ya koma ga takardun ɓallewa. Sanarwar da jihar Misisifi ta fitar a Janairun 1861 ta bayyana ƙarara cewa matsayinta ɗaure yake da bauta. Jaruntar sojan da ya yi kururuwar gaskiya ce, amma ba ta wanke manufar da aka tura shi ya kare ba.